Farafet: Mun ari kalmar, mun baro aikinta a hanya

Duk mai bin shafukan dillalan gidaje a TikTok ko Facebook ya san yadda tallar take tafiya. Za a ɗauki waya a zagaya da kai gidan, a nuna maka falo, a leƙa kicin, a haska tayil, sannan a fito waje a ɗaga kyamara sama a ce, "Ga shi kuma an yi masa farafet na zamani, ko kaɗan ba ka ganin kwano." Da jin haka ka san farashi ya tashi. Masu tsokaci kuma sai su yi ta zuba "Masha Allah" da "Allah Ya ba mu irinsa."

Amin, Allah Ya ba mu. Amma da za ka tsayar da goma daga cikinmu ka tambaye su mene ne farafet, amsar da za ka fi ji ita ce, "Wannan kwalliyar ta kankare da ake zagaye saman gida da ita." A nan gizo ke saƙa. Kalmar da muka ara daga Turanci sunan abin kare rai ce, mu kuma muka mayar da ita sunan ado. Ra'ayina shi ne wannan sauyin ma'ana bai tsaya a fatar baki ba, ya bi mu har cikin yadda muke gini, kuma akwai rayukan da ke biyan kuɗinsa.

Daga ina ta fito?

A Turanci ana rubuta ta parapet, ana kuma danna gaɓar farko in za a furta. Da yake harshenmu ya saba mayar da "p" ta koma "f", sai ta zama farafet a bakin birkiloli da 'yan kwangila, kamar yadda muka yi wa fenti da famfo da fensir. Wannan ba laifi ba ne, haka aro yake a kowane harshe.

Su ma Turawan Ingila aro suka yi. Kalmar ta shiga Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 16, kuma tushenta Italiyanci ne, parapetto. Kalmomi biyu aka haɗa: parare, wato karewa ko tarewa, da petto, wato ƙirji. Ka ga ke nan ma'anarta ta asali ita ce "kare ƙirji." Wannan "para" ɗin shi ne dai a farkon parasol, laimar da ke tare rana, da parachute, laimar da sojan sama ke dira da ita, wadda ke tare faɗuwa. Dangi ne guda, kuma sana'ar gidansu ita ce tsayawa tsakanin mutum da abin da zai cutar da shi.

A ƙamus, parapet gajeriyar katanga ce da ake yi a bakin wurin da mutum zai iya faɗowa daga kai ko ya faɗa ciki: gefen rufi, gefen baranda, gefen gada, bakin rijiya. A fagen yaƙi kuma, ita ce katanga ko tudun ƙasa da mayaƙi ke fakewa a bayansa. Katangar da ta zagaye gidanku ba parapet ba ce, komai gajartarta, tunda babu rami a bayanta. Bangon ɗaki ma ba shi ba ne. Sharuɗɗan biyu ne: a bakin haɗari take, kuma ba ta da tsawon da za ta rufe mutum gaba ɗaya.

Gobara, yaƙi da karin magana

Yadda farafet ya zama ruwan dare a gidajen Landan ma labari ne na tsira. A watan Satumba na 1666 gobara ta tashi a birnin, ta yi kwanaki tana ci, ta lashe gidaje sama da 13,000. Cikin abubuwan da ke taimakon wuta a irin gine-ginen wancan zamani akwai bakin rufi na katako da ke leƙowa kan titi, wanda harshen wuta ke kamawa ya tsallaka gidan maƙwabci. A 1707 aka yi dokar da ta hana irin wannan bakin rufi a birnin, ta ce a ɗaga bangon gida ya wuce rufin ya rufe katakon. Wato dai in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, sai dai su da bulo suka shafa. Wannan siffa ta gida mai ɓoyayyen rufi, wadda yau ake tallata mana a matsayin sabon yayi, dokar kashe gobara ce ta yaɗa ta a can fiye da shekara 300 da suka wuce. Kyan ya zo ne daga baya, a matsayin gyara.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, kalmar ta ƙara nauyi. Sojoji sun shafe shekaru a cikin dogayen ramuka a Faransa da Beljiyam. Gefen ramin da ke kallon abokan gaba ana tara masa ƙasa da buhunan yashi, shi ne parapet. Na baya kuma suna ce masa parados, mai kare baya. Sojan da ya ɗaga kai sama da buhunan nan da rana tsaka, gwanayen harbi na can suna jiransa. Har sai da aka koma leƙen waje da na'urar madubi, don kai ya zauna a ƙasa.

Irin wannan yanayi ne ke bayan karin maganar da za ka yawan gani a jaridun Birtaniya, cewa wane ya ɗaga kansa sama da parapet. Abin da suke nufi shi ne ya yi ƙundunbala ya fito fili ya faɗi abin da saura suka yi gum a kai, alhali ya san za a yi masa ca. In kuma aka ce ya ajiye kansa ƙasa da ita, to ya lafe ke nan, ya yi likimo har ƙura ta lafa. Mu da muke rayuwa a soshiyal midiya mun san yanayin nan sarai: ka rubuta gaskiya a kan wani babba ko wata al'ada, kafin ka ajiye waya an yi maka rubdugu. Abin lura dai shi ne ko a cikin karin magana, Bature bai raba kalmar da ma'anar kariya ba. Duk inda ta shiga, akwai haɗari a gefe guda, akwai mutum a ɗaya gefen.

Ai mu ma muna da namu

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muke furta farafet kamar wani abu ne da jirgi ya sauke mana jiya. Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Ka shiga cikin birnin Kano, ko Zariya, ko Katsina, ko unguwar Birni a Damagaram, ka ɗaga kai ka dubi tsofaffin soraye. Wannan ɗan bangon da ya zagaye saman soro, maginan gargajiya rawani suke ce masa. Dubi daɗin sunan: an naɗa wa gini rawani kamar yadda ake naɗa wa mutum.

Kuma ba shi kaɗai yake aiki ba. A kusurwoyi akwai zankwaye, waɗannan masu tsini kamar ƙaho. A jikin rawanin akwai indararo, wanda ke kwaso ruwan da ya taru a rufi ya watsa shi nesa da bango don kada ya ci ginin ƙasa. Maginin da ya jera azara ya yi rufi ya san cewa in ya ɗaga rawani ya tare ruwa, to wajibi ne ya buɗe masa ƙofar fita. Shi ya sa ba ka ganin rawani babu indararo. Kuma duk shekara kafin damina a hau a duba, a yi yaɓe, a toshe tsaga.

Ta fuskar yaƙi ma haka ne. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce an fara ta a zamanin Sarki Gijimasu a farkon ƙarni na 12, tana da badala ta ciki, inda masu tsaron gari ke tsayawa. Sashen ganuwar da ya ɗaga sama da badala, wanda maharbi ke fakewa a bayansa ya saki kibiya, shi ne daidai abin da Ba'italiye ya kira mai kare ƙirji. Ba mu karanta littafinsu ba, ba su karanta namu ba, buƙata ce iri ɗaya ta haifar da dabara iri ɗaya.

Addini ma bai bar zancen ba. Akwai hadisi a Sunan Abi Dawud da ke gargaɗi a kan kwana saman rufin da ba shi da makari, Tirmizi ma ya ruwaito hani makamancin haka. A wajen 'yan uwanmu Kirista, littafin Maimaitawar Shari'a, babi na 22 aya ta 8, ya umarci wanda ya gina sabon gida ya yi wa rufinsa makari don kada alhakin jinin wanda ya faɗo ya hau gidan, kuma fassarorin Turanci na zamani da kalmar parapet suke fassara wurin. To ka ga, daga masallaci har coci an san wannan ɗan bango, kuma a babin kiyaye rai aka ajiye shi.

Inda muka yi sake

Yanzu mu dawo unguwanninmu. Gida ne na ƙasa, ba mai hawa samansa sai mai gyaran kwano, amma an kashe maƙudan kuɗi an zagaye shi da farafet mai lanƙwasa da fitilu. A layin nan dai, ga wani bene an zuba masa dakin, kuɗi ya yanke, an bar saman a buɗe, rodi sun miƙe kamar ƙaya, matakala kuma ba ƙofa. Nan yara ke hawa wasa. Nan ake shanya. Nan ake hawa duba tankin ruwa da goge sola. In zafin bazara ya matsa kuma ba wuta, nan ake shimfiɗa tabarma. Mu matasa kuwa nan muke hawa neman sabis ko ɗaukar bidiyo, ana ja da baya ana neman kusurwar da hoto zai fi fita, ido na kan waya. Inda ake buƙatar kare ƙirji ba a yi ba, inda ba a buƙata an yi har da fenti.

Mu ɗalibai da ke kama haya a wajen makaranta mun san irin barandar da ake yi mana a benaye: jeri biyu na bulo, iya gwiwa. Irin wannan ya fi babu haɗari ta wata fuskar, domin yana ba ka kwanciyar hankalin ƙarya, ka zauna a kai kana hira, ka jingina kana waya. Nauyin jikin babban mutum a wajen ƙugu yake taruwa, saboda haka duk katangar da ba ta kai nan ba, in ka yi tuntuɓe taɗiye ka za ta yi maimakon ta tare ka. Dalilin ke nan da ƙa'idar gini a Birtaniya ta sa makarin baranda da gefen rufin da ake hawa ya kai mita 1.1, a Amurka kuma inci 42 ne a manyan gine-gine, kusan abu ɗaya. In da ƙarfe aka yi, ƙa'idar Birtaniya ta ce kada tazarar sandunan ta bar abu mai faɗin santimita 10 ya wuce, saboda kan yaro. Da bulonmu na yau da kullum, mai tsayin inci 9, jeri biyar ne ke kai wannan tsawo. Bambancin jeri biyu da jeri biyar bai kai kuɗin fitilun da ake liƙa wa farafet na ado ba.

Sai rijiya. Sau nawa muke ganin sanarwar jami'an kashe gobara a Kano da sauran jihohi cewa an ciro yaro daga rijiya, wani da rai, wani babu? Mu yi ta'aziyya a ƙasan labarin, mu wuce. A watan Fabrairun 2022 duniya ta tsaya cak saboda yaron nan ɗan shekara 5 da ya faɗa wata ƙuntatacciyar rijiya mai zurfin mita 32 a ƙasar Maroko. Kwana biyar ana haƙa, muna bi kai tsaye a wayoyinmu, muna addu'a, aka ciro shi ya rasu. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma a yi dubu ba a fita ba. Bayan mun share hawaye, mu nawa ne muka leƙa bakin rijiyar gidanmu muka ga ko an ɗaga shi, ko yana da murfi? Wannan ginin bakin rijiya ma parapet ne a Turanci, kuma ya fi na saman gida cancantar sunan.

Haka ƙananan gadoji da kwalbatocin cikin unguwa da na hanyoyin karkara. Wasu ba a yi musu makari ba tun farko, wasu mota ta daka ta karya ba a gyara ba, wasu kuma ɓarayin ƙarfe sun yanke sun kai wa 'yan gwangwan. Ranar da ruwa ya shafe hanya, wannan ɗan bangon ne kaɗai ke nuna wa mai babur inda gada ta ƙare.

"Ai harshe yana sauyawa"

Na san abin da wasu za su ce, musamman abokan karatuna da suka zauna ajin nazarin harshe: kalma in ta yi hijira tana sauya ma'ana, kuma ba wanda ya isa ya hana. Gaskiya ne. Ba na cewa a kama birkila a ce ya daina faɗin farafet. Kuma shi kansa farafet ɗin saman gida yana da amfaninsa in an yi shi da kyau. Mu da muke ganin yadda iskar farkon damina ke yaye kwano ta jefa shi layi na uku mun san darajar bangon da ya rufe bakin rufi, domin ta baki iska ke shiga ta ɗaga shi.

Amma akwai sauyin ma'ana da ba ya cutar da kowa, akwai kuma wanda ke ɗauke hankali daga abin da ya kamata a duba. In a kanka farafet ado ne, tambayar da za ka yi wa magini ita ce "wane dizayin?" In a kanka kariya ne, za ka tambaye shi tsawonsa, da abin da ya riƙe shi, da inda ruwa zai bi. Rashin waɗannan tambayoyi ne ya sa gidaje da yawa masu ɓoyayyen rufi ke yoyo tun daminar farko: an tare ruwa da kankare, an bar masa 'yar siririyar hanya, leda da ganye sun toshe ta, ruwa ya kwanta ya bi bango, silin ya yi taswira, fenti ya kumbura. Kakanninmu da ƙasa da azara sun warware wannan matsala da indararo, mu da siminti da rodi muna tara bokiti a falo. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Kuma farafet da aka ɗora ba tare da an ɗaure shi da ginin ba, shi kansa abin tsoro ne, tunda nauyi ne a sama, a kan masu wucewa. A girgizar ƙasar da ta auka wa birnin Christchurch na ƙasar New Zealand a watan Fabrairun 2011, wasu daga cikin waɗanda suka mutu fuskokin tsofaffin gine-gine da farafet ɗinsu ne suka rufto musu a titi. A birnin New York, daga farkon 2024, doka ta wajabta wa masu gine-ginen da farafet ɗinsu ke kallon titi su sa a duba shi duk shekara, in ban da wasu ƙananan gidaje. Mu girgizar ƙasa ba ta dame mu ba, amma muna da iska, muna da ruwa, muna kuma da masu haɗa siminti buhu ɗaya da yashin da ya isa buhu biyu.

To me za mu yi?

Na farko, mu masu shirin zama 'yan jarida da masu rubutu a shafuka, mu daina jefa kalmar yadda muka tsince ta. In labarin Turanci ya ce mota ta daki parapet, mu rubuta cewa ta daki katangar gefen gada, kowa zai gane. In na saman gini ne, ga rawani nan, kalma ce tamu mai rai, amfani da ita kawai take jira. In na rijiya ne, ginin bakin rijiya. In karin maganar nan ce ta ɗaga kai, kada mu fassara ta kalma da kalma mu bar mai karatu yana neman katanga, mu ce ya yi ta maza ya fito ya faɗa. Fassara mai kyau ita ce wadda kakarka za ta ji a rediyo ta ga abin a idonta.

Na biyu, yawancinmu ba mu da gida tukuna, amma muna kama haya, kuma mu ake aika duba aiki in Baba ko Yaya na gini. Kafin ka biya kuɗin ɗaki a bene, je ka tsaya jikin barandar ka ga inda ta kawo maka. In ba ta wuce ƙugunka ba, ka faɗa wa mai gida, kuma ka faɗa a gaban sauran 'yan haya. In gini ake yi a gidanku, ka tambayi injiniya ko magini ta ina ruwa zai fita, da me aka ɗaure farafet ɗin. In an zuba dakin kuɗi ya ƙare, a sa wa matakala ƙofa da kwaɗo har Allah Ya hore. Ke ma 'yar uwa, in ke ce ke hawa shanya da ƙanne a bayanki, kina da bakin magana a nan.

Na uku, wayar nan da muke ɗaukar gidajen masu kuɗi da ita tana iya ɗaukar gadar unguwarku da ba ta da makari. Ka ɗauka, ka faɗi sunan wurin daidai, ka faɗi ranar, ka tura wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da hukumar da abin ya shafa, ba zagi ba ƙari. Ƙungiyoyin matasa na unguwa da ke haɗa kuɗin gasar ƙwallo da yashe kwata za su iya zagayawa su ƙirga rijiyoyin da ke buɗe, a haɗa bulo da siminti a ɗaga bakinsu a sa murfi. Aikin Asabar ɗaya ne.

Ba na gaba da kwalliya. Rawanin soro ma ai kyakkyawa ne, har zane ake yi masa. Sai dai magabata sun fara tabbatar da ya tare abin da aka gina shi ya tare, sannan suka ƙawata shi. Mu bi wannan tsari. Duk wanda ya ce maka ya yi farafet, tambaye shi ƙirjin wa yake karewa. In ya rasa amsa, to ado ya yi, sai a koma a yi na gaskiyar a inda yara ke wasa.

Allah Ya tsare mu da ƙannenmu, Ya sa mu gyara tun kafin a zo yi mana jaje.